Ƙeyar Da Ke Bayan Madubin Wahabu

Sallama gare ku masu bina a wannan labari. Yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba, domin abin da zan faɗa ba na kwalliya ba ne. Ni Rahamatu, 'yar Malam Iddi mai goro ta Zongon Kumasi, mace ce mai kishi. Ba irin wanda ake turo baki a wuce ba, irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro. In kun gama ji ku zage ni, amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara zuwa mana daga birnin Ankara na bakin teku Wahabu ya aiko neman aurena. Maƙerin zubi ne. Ubansa daga Damagaram ya zo, shi kuwa a hannun wani tsoho Ba'asante ya koyi aikin tagulla: a ƙera abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a sa a wuta kakin ya narke ya gudu, narkakkiyar tagulla ta zauna a gurbinsa. Dogo ne baƙi, yatsunsa duk tabon wuta, ba ya haɗa magana biyu bai sunkuyar da kai ba. Shi nake so, kuma a gidanmu har kaji sun sani.

Gwaggo Hajo, yayar Baba, ita ce ba ta so. Ita Amidu ta zaɓar mini, akawun tashar jirgi mai keke da farin wando.

"Jikar fatake ta ƙare a gindin zugazugi?" in ji ta. "Iddi, ka dubi Amidu mana. Ko ƙuda kunyar sauka a rigarsa yake ji."

Baba ba mai tilas ba ne, amma mai goro ne, ba ya yarda da huhu sai ya kwance shi da hannunsa ya ga na ƙasa. Ya kira Wahabu zaure, ina laɓe a bayan zana ina ji.

"Ka yi aiki ɗaya da hannunka," ya ce. "Kada ka goge, kada ka gyara. Ka kawo shi cikin yumɓunsa a fasa a gabana. In ya fito lafiya na ba ka ita. In ya fito da aibi ka yi haƙuri, zan saurari yayata. Kuma ban da fuska, ba na son gunki a gidana. Na ba ka sati uku."

"Na gode, Baba."

Kwana biyu bayan haka ya zo zance da la'asar. Na ci ado: atamfa 'yar Holan mai ruwan ganye, murjanin Inna a wuya, tozali raɗau, lallena bai ko fara kwailewa ba. Kun san abin da bawan Allah ya fara kallo? Ba ni ba. Wani ƙunshi ya zaro daga aljihun riga yana lallaɓa shi kamar jariri.

"Rahama, zo ki ga abin mamaki."

Wani faifan ƙarfe ne mai mariƙi, bai wuce tafin hannu biyu ba, ya yi kore shar don tsufa.

"Madubi ne," ya ce. "Na Baturen nan mai gina wa jirgi gadoji, Sinyor Baldo. Ba Ingilishi ba ne, mutumin Italiya ne. Kakansa ne ya tone shi da garma a gonarsu. Na gyara masa fitila, shi ne ya ba ni aro."

"To madubin da ba a ganin fuska, na mene ne?"

"Juya bayan."

Na juya. An zana wata mace zaune a kujera, mata biyu na gyara mata gashi, ga wani rubutu a gefe. Wahabu ya bi layin da farcensa a hankali, har da lumshe ido. Nan take na ji matar ba ta kwanta mini ba. Mace ta mutu tun kafin kakan kakan kowa, amma wallahi sai da na harare ta.

"Kin san Rumawa, waɗanda aka ambata a Alƙur'ani? To kafin su yi ƙarfi akwai wasu maƙwabtansu, Itiruskawa. Su suka yi wannan. Baturen ya ce a wurinsu Rumawa suka koyi zubin tagulla da kaki, irin nawa sak. A wurinsu suka ga yadda ake gasa manyan siffofin yumɓu a ɗora kan rufin ɗakin bauta, da yadda ake lanƙwasa ƙofar gari kamar baka. Har sarkin Rum ya taɓa aikawa garinsu a kawo masa gwanin yumɓu. Dubi rubutunsu, daga dama yake tafiya kamar namu."

"To ina suke yanzu?"

"Rumawa sun cinye garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe kayan tagullarsu. Harshensu ma ya mutu. Yau kowa cewa yake aikin Rum, aikin Rum, ba mai tuna wanda ya koyar." Ya girgiza kai. "Ni kam ko a gaban wa, zan ce Ba'asante ne ya koya mini."

Na juya gaban madubin, na ga an karce shi da wasu haruffa daga gefe zuwa gefe. Na tambaye shi wa ya ɓata.

"Su da kansu. Madubin mace ne, nata ne har ta mutu. In ta mutu sai a karce shi don kada mai rai ya ƙara amfani da shi, a binne su tare."

Na miƙa masa abinsa da sauri na goge hannu a zane.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Sai 'yan takardu da ajami, a naɗe cikin ganyen goro, Zaratu mai koko ke kawo mini da safe a ƙarƙashin faifanta. Har yanzu suna nan a ƙasan adakata.

"Rahama, aiki ya kama ni. Ki sa ni a addu'a."

Na rubuta: "Me kake ƙerawa?"

"Za ki gani."

Na rubuta: "Wa ke taya ka?"

"Allah ne mataimaki."

Ku ji fa! Na tambayi mutum wa ke taya shi, ya koma mini wa'azi.

Zaratu ce ta kunna wutar, kuma ba da mugunta ba, bakinta ne ba shi da murfi. Bagwanja ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a wurinta. Tana zuba mini koko ta ce:

"Ei, Rahamatu, wannan 'yar'uwa naka Memuna, ya na da ƙoƙari paa. Kullum safe ina ganin shi a maƙera na Wahabu. Jiya ma ya zauna har rana ya yi zafi."

Na ajiye ludayin, ban sha kokon ba.

Yaya Memuna 'yar kawuna ce, ta girme ni da shekara uku, aurenta ya mutu bara ta dawo gida. Ita ke mini kitso tun ina 'yar shekara goma, ba wanda ya san kaina kamar ita. Dogon wuya gare ta, ga wushirya, ga dariya mai sa maza su manta abin da suka fito saye. Kuma bazawara ce, ba mai tambayarta ina za ki. Ni kuwa da ake maganar aurena, ko ƙofar gida na leƙa sai Gwaggo ta yi gyaran murya.

Da yamma ta shigo tsakar gida tana tsokanar Inna. Na kama hannunta kamar ina duba lalle. Ƙarƙashin farcenta akwai wani abu rawaya, yatsunta na ƙanshin zuma.

"Yaya, ina kika je da safe?"

"Kasuwa mana. Me ya faru?"

"Ba komai."

Ta yi ƙarya tana kallon idona, har da murmushi. Jama'a, ranar na san zuciya na iya tafasa ba wuta. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ina tuno abubuwa. Wa ya koya wa Memuna ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu? Ni. Wa ya nuna mata yadda ake jan tozali har wutsiyar ido? Ni. Wa ya fara nuna mata Wahabu a bikin Kadijatu, ya ce dubi wancan mai sunkuyar da kai? Ni, da wannan bakin nawa. Ashe ni ce Itiruskawan, ita ce Rum. Ta koya a hannuna, za ta cinye ni, gobe a ce matar Wahabu, matar Wahabu, ba mai tuna wadda ta fara ganinsa.

Kwana huɗu ina dafa abin a ciki. Ran Juma'a, da maza suka tafi masallaci unguwa ta yi tsit, na yafa tsohon mayafin Inna na ce zan kai wa Hajaratu maƙwabciyarmu goro. Na bi ta bayan gidaje, ta cikin taɓon ruwan da aka yi da safe, har maƙerarsa da ke gangaren rafi. Rumfar kwano ce da asabari a ƙofa. Ba kowa.

A kusurwa na ga wani babban ƙulli na yumɓu, ya bushe, girmansa ya kai tulu. Na ce a raina, wannan ne na Baba, wataƙila kwanon goro. Sai idona ya sauka kan wani ƙarami a bisa faifai, an rufe da ganyen ayaba. Siffar madubin Baturen sak, har mariƙin. An shafe shi da shafin farko, ruwan yumɓu da garin gawayi, bai gama bushewa ba. Kaskon shafin na gefe da gashin kaza a ciki.

Da na juya na tafi, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na jiƙa bakin mayafi na goge shafin.

Mace ce. Ba fuska, ƙeya ce ta juya, da dogon wuya da kafaɗa ɗaya. An yi mata kitso da zaren kaki siriri kamar gashin gaske, kowace tsaga a fili. Bayan kunnen hagu tsagogi uku sun lanƙwasa sun zagaye wani ɗan ɗigo, na ɗauka fure aka sa mata. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma kyan ne ya ƙarasa ni. Wannan wuyan na san shi. Ashe na Baba yana can kusurwa an gama da shi a gurguje, nan kuwa ake zuba zuciya, ana zaunar da bazawara kullum safe ana kallon ƙeyarta!

Idona ya rufe. Na zare tsinken kitso na ƙarfe daga kaina, na dasa shi a kafaɗar, na ja shi har saman kan. Kakin ya buɗe ba ko gardama, zarurrukan suka tsinke. A raina na ce, ga naki nan, a binne ku tare. Sannan na ɗauki gashin kazar na mayar da shafin sumul, yadda nake yaɓen daɓen ɗakin Inna, na rufe da ganyen. Na dawo gida na ci tuwo har da ƙari. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Na san aikinsu sarai, Wahabu ne ya faɗa mini. In shafi ya bushe sai a ƙara wani, a ƙara wani, har ya zama ƙulli. Daga nan ba mai sake ganin cikinsa sai ranar fasawa. Kakin kuma in ya narke ya tafi ke nan, ba a samun na biyu. Duk abin da aka yi wa kaki, tagulla za ta faɗe shi.

Ranar Alhamis ta cika sati uku. Tun da hantsi Yaya Memuna ta zo da kibiyarta da man shanu, wai sai ta yi mini sabon kitso don yau rana ce. Na zauna tsakanin ƙafafunta ina cika ina batsewa. Tana tsaga tana 'yar waƙa. Da ta zo bayan kunnena na hagu sai ta yi tsaki tana dariya.

"Wannan tabon naki! A kanki ya wahalar da ni shekara tara, a kaki ma sai da ya wahalar da ni kwana shida."

Ta kama bakinta.

"A kaki?"

"Wayyo, na fasa. To ai yau ne, ba komai. Ki rufa mini asiri kada Wahabu ya ji." Ta sunkuyo kunnena. "Madubi ya yi miki, irin na Buroni, Baturen nan. Kawu ya hana fuska, shi ne ya ce zai yi ƙeyarki, wai ko cikin mata dubu ya san ta. Amma namiji ina ya iya kitso? Ya murza zaren, ni na kitsa, innarsa na zaune tana mana tsiya. Har tsagogin nan uku da nake lanƙwasawa don in kauce wa tabon ƙunarki na fitar."

"Wane lanƙwasawa?"

"Au, ke ba ki taɓa gani ba ko? Ina za ki gani, abu a bayanki."

Ta ɗauko ɗan madubin Inna ta riƙe a bayana, ta ba ni nata na riƙe a gaba. Na san da tabon, tun ina rarrafe na faɗa kan garwashi, yatsana ya san shi. Amma idona bai taɓa ganinsa ba sai ranar. Ga dogon wuya. Ga tsagogi uku sun zagaye ɗan ɗigo. Furen da na gani a maƙera, tabona ne. Shekara goma sha tara ina yawo da ƙeyar nan, na gan ta a faifai ban gane ta ba.

"Babban ƙullin da ke kusurwa fa?" na tambaya.

"Tukunyar wani basaraken Asante ce, tun watan jiya." Hannunta ya tsaya cak a kaina. "Ke ya aka yi kika san da ƙulli a kusurwa?"

Na kife madubin a cinyata. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ƙarasa kitson shiru, ba waƙa, kuma ba ta ja mini gashi ko sau ɗaya ba. Da ta ja, da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar zaure ya cika. Baba a kan buzunsa, abokansa biyu na fataucin goro, Gwaggo Hajo a bakin ƙofar ciki ta hakimce. Har Sinyor Baldo ya zo, ja wur da shi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, wai yana son ya ga jikan madubinsa. Mu mata muna bayan zana. Wahabu ya shigo da farar riga wadda ban taɓa gani a jikinsa ba, ƙullin na hannunsa cikin tsumma, da sauran ɗuminsa don da safe ya yi zubin. Ya durƙusa ya gaida kowa, ya yi bisimilla, ya ɗaga 'yar guduma.

Bugu uku yumɓun ya rabe. Ya kakkaɓe gawayin, ya zuba ruwa daga buta. Tagullar ta fito ja kamar gaushi.

"Masha Allah," in ji ɗaya daga abokan Baba. Sai ya sunkuya ya ƙura mata ido.

Daga kafaɗa har saman kai, karcen ya fito ƙuru-ƙuru, ya raba kitson biyu. Baturen ya leƙa, ya faɗi wani abu da harshensu, ya dafe baki. Na san abin da ya tuna, karcen da ke kan nasa madubin.

Gwaggo ta tafa hannu. "To, Iddi! Ka ce in da aibi za ka saurare ni. Ga shi nan ko makaho ya shafa ya ji."

Baba ya karɓa ya jujjuya, yadda yake wa goron da yake tuhuma. Ya daɗe yana kallon kitson.

"Aikin gwani ne," ya ce. "Amma wannan fa, ɗan nan? Wuta ce ko yumɓu?"

Wahabu ya sa farce a cikin karcen ya bi shi a hankali. Mutumin da ya san kaki tun yana yaro, ya san wuta ba ta ja layi miƙe haka. Ya ɗago kai, karo na farko a zauren nan, ya dubi zanar da nake bayanta. Ba ya ganina, amma wallahi ni ya kalla. Sannan ya mayar da kansa ƙasa.

"Ba wuta ba ce, Baba. Hannuna ne ya kuskure. Ba laifin kowa."

"Ka san abin da muka yi da kai."

"Na sani, Baba."

Ya fara tattara fasassun yumɓun yana zubawa a tsumma, ɗaya bayan ɗaya, kada ya bar wa Baba datti a zaure. Zai tafi da laifina a kansa, ya rasa ni, ya rasa sunansa a Zongo, don kada a ce 'yar Malam Iddi ta je maƙerar saurayi ta yi ɓarna. Yaya Memuna na gefena, ba ta ko dube ni ba. Inna ta riƙe mini zane don ta ga ina shirin tashi.

Na fizge. Na ɗaga zanar na shiga zauren maza, kai ba mayafi, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma.

"Ke! Rahamatu!" Gwaggo ta daka tsawa. "Kin haukace?"

Na durƙusa gaban Baba. Hannuna ne ya yi maganar. Na zare tsinken daga sabon kitsona na kwantar da shi cikin karcen. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi wurin.

Baba ya dubi tsinken. Ya dubi ƙeyar tagullar, ya sa hannu ya juya kaina ya dubi tawa. Sannan ya ajiye madubin tsakanina da Wahabu.

"Hajo," ya ce, bai ɗaga murya ba, "aikin yaron nan ba shi da aibi. Aibin daga gidana ya fito." Ya juya wurin Wahabu. "Ɗan nan, ɗazu ni ke duba naka. Yanzu kai za ka duba nawa. Ka ga abin da ke ƙasan huhun da idonka. Har yanzu kana so?"

Wahabu ya ɗauki madubin. Bai dubi Baba ba, bai dube ni ba. Babban yatsansa kawai ke bin karcen, daga kafaɗa zuwa kai, daga kai zuwa kafaɗa. Ni kuwa ina durƙushe, ƙeyata a buɗe a gaban kowa, ina jiran bakin mutumin da bai taɓa saurin magana ba.